Zare Ɗaya Ya Tsinke a Nagoya

Littattafai dubu uku na bari jibge a bayan maɗaba'armu ranar da na tashi zuwa Japan, an lulluɓe su da tamfol don kada raɓa ta taɓa su, ko da yake babu abin da za su ƙara amfana wa kowa. Littafin lissafi ne na 'yan firamare da wata makaranta ta ba mu aiki, shafi na 14 ya fito a kife, kai ƙasa ƙafa sama. Wanda bai san aikin bugu ba zai ce ina idanunmu suke. To, a kan babbar takarda, kafin a ninke ta, rabin shafukan dama a kife suke zuwa, sai an ninke kowanne yake komawa mazauninsa. Kuskure irin wannan ba ya nuna kansa sai a hannun mai ninki.

Amma akwai wanda ya gani. Yaron da ke kwashe takarda a bakin inji ya ɗauki ɗaya ya ninke, ba a fi bugu ɗari biyu ba a lokacin, ya ga abin da ya faru, ya je ya raɗa wa Baba. Baba shi ne mai jan tsohon injinmu na Heidelberg, tun zamanin mahaifina yake kansa. Da na tsare shi washegari ina faɗa, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi: "Alhaji, kai ka ce kada ka ji injin nan ya tsaya sai an gama." Gaskiya ya faɗa. Dare ya yi, janareto na shan gas, masu aikin za su zo da safe, na faɗi haka har sau biyu kafin in tafi gida. Duk da haka na yanke masa rabin albashin watan. Da wannan abu a ƙirjina na hau jirgi.

Wani shirin horaswa ne na mako biyu, na masu ƙananan masana'antu daga ƙasashen Afirka, a watan Nuwamba kafin annobar korona ta rufe hanyoyi. Daga Kano muka sauka Adis Ababa, daga nan jirgi ya ya da zango a Koriya ta Kudu, sannan Narita. Awa takwas Japan ta riga mu, saboda haka kwana ukun farko ina sallar asuba ne jikina na cewa yanzu aka idar da isha'i. A jirgi na zauna kusa da wani abokin tafiya ɗan Habasha mai masana'antar takalma, shi ya fara shigar min da kalmar kaizen a kunne, wato gyara kaɗan-kaɗan kullum ba fashi. Ya ce a ƙasarsu marigayi Firayim Minista Meles Zenawi ne ya nemi Japanawa su zo su koyar da abin, har gwamnati ta kafa masa cibiya ta musamman a 2011. Na saurare shi da kunne ɗaya. A raina, matsalata ma'aikata ce da wuta da tsadar takarda, kuma ban ga yadda wata kalmar Japananci za ta sauko da farashin gas ba.

Tokiyo ba zan ce komai a kanta ba, don ban gan ta ba sai ta tagar bas da ɗakin karatu. Abin da ya zauna min shi ne babbar tashar jirgin ƙasa, safiyar da za mu wuce Nagoya. Malamin da ke jagorantarmu ya kai mu da wuri da gangan, ya tsayar da mu a dandamalin jiragen da ke zuwa daga arewacin ƙasar, ya ce mu duba agogo. Minti 12 jirgin Shinkansen ke tsayawa a nan kafin ya juya. Minti biyu na saukar fasinja ne, uku na shigar sababbi, bakwai ɗin da ke tsakiya na masu shara ne. Tun kafin jirgin ya shigo sun jeru a daidai inda kowace ƙofa za ta tsaya, kowa da jakarsa, maza da mata, wasu sun manyanta. Suka rusuna wa jirgin, suka tsaya da buɗaɗɗen buhun leda suna karɓar shara daga hannun masu sauka, sannan suka shige.

Na manna fuskata a gilashi ina kallon wata mata ita kaɗai a tarago guda. Ba gudu take ba, wannan ne ya fi ba ni mamaki. Tana tafe tana kwashe abin da aka bari a aljihun kujeru, aka juya kujerun suka fuskanci inda jirgin zai nufa, ta dawo tana buɗe teburin kowace kujera ta goge ta mayar, ta ɗaga labulen taga, ta duba saman kanta ko wani ya manta kaya, ta share ƙasa. Tsumma yana inda hannunta zai faɗa, tsintsiya haka. Ban ga ta koma baya neman wani abu ba ko sau ɗaya. Da suka fito suka sake jeruwa suka rusuna wa masu jiran shiga. Na tuna yadda a wurinmu ake kashe rubu'in awa ana neman sifana lamba goma, kowa na rantsuwa jiya ya gan ta.

Jirginmu ya tashi a kan mintin da aka rubuta. Layin Tokaido ne, wanda aka buɗe ranar 1 ga Oktoba 1964, kuma tun daga ranar ba a taɓa rasa ran fasinja ba ta hanyar karo ko kaucewa daga layi. Kusan kilomita 350 ne zuwa Nagoya, muka cinye su cikin awa ɗaya da minti arba'in, dutsen Fuji na hannun dama da farin rawaninsa na ƙanƙara. A tashoshin da muka tsaya na lura da wata ɗabi'a: ma'aikacin jirgi, da farar safar hannu, zai miƙa yatsa ya nuna agogo ko fitila ko ƙofa, ya faɗi abin da ya gani da ƙarfi, alhali ba wanda yake yi wa magana. Tafintanmu ya ce ana kiran wannan shisa kanko. Ido kaɗai yana iya wucewa ta kan abu bai gan shi ba, amma in hannu ya nuna, baki ya furta, kunne ya ji, da wuya hankali ya zama yana wani wuri. Duk wanda ya taɓa zama a makarantar allo ya san bambancin karatun zuci da na bayyane. Jim kaɗan bayan nan muka ratsa ta kan tafkin Hamana, malamin ya nuna mana gefen garin Kosai ya ce a nan aka haifi mutumin da za mu je gidansa gobe.

Gidan, ashe, tsohuwar masaƙa ce. Ni da na taso ina ganin Hilux da Hiyas da Corolla a kowace tasha daga Kano zuwa Maraɗi, ban taɓa sanin cewa Toyota daga auduga ta fito ba. Gidan tarihin masana'antu na kamfanin yana cikin Nagoya, a ginin jan bulo na masana'antar zare da Sakichi Toyoda ya kafa harsashinta a 1911, an mayar da shi gidan tarihi a 1994. Kafin ka ga mota ko ɗaya sai ka ratsa wani makeken zaure cike da kayan kaɗi da saƙa. A farkonsa wata ma'aikaciya na zaune tana gurzar auduga, tana shiɓa, tana jan zare, abin da na sha gani a hannun kakata da mazarinta. Sakichi ɗan kafinta ne, an haife shi a 1867, ya girma yana kallon mahaifiyarsa tana wahala a kan masaƙar hannu. Masaƙar katako da ya fara ƙerawa a 1890 tana nan, wadda ake sarrafawa da hannu ɗaya maimakon biyu.

A gaban masaƙar da suke kira Type G, ta 1924, na daɗe har 'yan uwana suka wuce suka bar ni. Wani dattijo cikin kayan aiki ya tayar da ita, ƙara ta cika wurin, ƙoshiya na kai da komo ido ba ya iya bin ta. Ya nuna mana abu na farko: idan zaren da ke cikin ƙoshiya ya kusa ƙarewa, injin da kansa yake tura sabuwa ya fitar da tsohuwar ba tare da ya rage gudu ba. Kowa ya yi tafi. Sannan ya ɗaga yatsa alamar mu dakata, ya sa hannu cikin dubban zaruruwan tsaye, ya tsinke guda ɗaya tak. Nan take injin ya yi tsit.

Na matsa na roƙe shi ya nuna min yadda aka yi. Kowane zare, ashe, an zura shi ta cikin wani siririn ƙarfe mai kama da reza, zaren ne ke riƙe da shi a sama. Muddin zaren na miƙe, ƙarfen na rataye. Da zarar ya tsinke, ƙarfen zai faɗo ya tokare wata sanda da ke motsi a ƙasa, ita kuma ta kashe injin. Babu kwamfuta a ciki, nauyin ɗan ƙarfe ne kawai. Dattijon ya ɗaura zaren, ya tayar, ya sake tsinkewa saboda ni, injin ya sake tsayawa. Ta bakin tafinta ya ce kafin wannan dabara dole a sa mutum ɗaya ya zuba wa kowace masaƙa ido, domin in zare ya tsinke ba a gani ba, injin zai ci gaba da saƙa yadi mai aibi har sai an yi asarar bandir guda. Da injin ya koyi tsayawa, sai mutum ɗaya ya iya kula da masaƙa talatin ko fiye.

A nan tunanina ya juye. Duk rayuwata ta aiki na ɗauka cewa inji mai albarka shi ne wanda ba ya tsayawa, ma'aikaci nagari shi ne wanda ba ya kawo min matsala. Ga mutanen da suka fi kowa yawan aiki a duniya, kuma abin da suke alfahari da shi, suka gina masa gidan tarihi, shi ne injin da ya san lokacin tsayawa. A maɗaba'ata ina da wannan ɗan ƙarfen, yaro ne ɗan shekara goma sha tara, ya faɗo daidai lokacin da zare ya tsinke. Ni ne na ɗaure sandar don kada ta kashe injin.

Sauran tarihin na bi shi da sauri, ina tafe ina waiwayen masaƙar. A 1929 kamfanin Platt Brothers na Ingila, ƙasar da ta koya wa duniya saƙar inji, ya sayi haƙƙin ƙera wannan masaƙa a kan fam 100,000. Sakichi ya rasu a 1930. Ɗansa Kiichiro ya buɗe sashen mota a cikin kamfanin masaƙa, a 1937 sashen ya zama kamfani mai zaman kansa. Wanda zai ɗauka cewa daga nan sai hawa, ya duba 1950: kuɗi suka ƙare, bankuna suka gindaya sharaɗin rage ma'aikata, aka yi yajin aiki, mutum fiye da dubu biyu suka bar aiki, Kiichiro da kansa ya sauka daga shugabanci. A shekarar ne Eiji Toyoda ya je ya ga masana'antar Ford a Amurka tana fitar da motoci dubbai a rana, su kuwa 'yan gomomi. Ba su da kuɗin tara ƙarfe a sito, ba su da filin ajiya, ba su da kasuwar da za ta shanye mota iri ɗaya dubu ɗari. Talauci ne ya tilasta musu tsarin da yanzu ake zuwa kallo daga ko'ina, kuma wannan ya sa na daina jin cewa darasin na masu hali ne.

Mutumin da ya ɗinke tsarin, Taiichi Ohno, shi ma daga masana'antar zare ya fito, ya koma ɓangaren mota a 1943. Ya lura da yadda manyan kantunan Amurka ke aiki: mai saye ya ɗauki abin da yake so, mai kanti ya mayar da gurbin abin da aka ɗauka kawai. Sai ya sa kowane sashe ya riƙa karɓar abin da yake bukata daga sashen da ke bayansa, da ɗan kati da ake kira kanban, maimakon na baya ya yi ta ƙerawa yana jibgewa. Ya lissafa ɓarna iri bakwai, kuma wadda ya sa a gaba ita ce yin abin da ya wuce bukata. Sauran sun haɗa da jira, da ɗaukar kaya daga nan zuwa can, da tara kaya, da motsin da ba shi da amfani, da aikin da sai an sake. Ana ba da labarin cewa yakan zana da'ira da alli a ƙasan masana'anta, ya sa matashin injiniya ya tsaya a ciki awa da awanni yana kallo, har sai ya ga ɓarnar da idonsa.

Washegari bas ta kai mu birnin Toyota, wanda sunansa Koromo kafin 1959, zuwa masana'antar Motomachi da aka buɗe a 1959 ɗin. Aka karɓi wayoyi da kyamarori aka bari a mota. Ta wata gada ta sama muka bi, layin haɗa motoci na tafiya a hankali ƙarƙashinmu, motoci iri daban-daban a jere a layi guda, an cire musu ƙofofi don kada su tare wa ma'aikata hanya. Kusa da kowane ma'aikaci akwai ɗan keken kayan aiki da ke bin motar da kansa, sannan ya dawo. Wani na zaune a kujerar da ke maƙale da dogon hannu, tana shigar da shi cikin motar tana fito da shi, ba ya sunkuyo. Matar da ke yi mana jagora ta ce ma'aikatan layi ne suka kawo shawarar irin waɗannan abubuwa, kuma tsarin karɓar shawarar ma'aikata yana aiki a kamfanin tun 1951.

Muna tsaye sai wani ɗan kiɗa ya tashi, wata lamba ta kama da ruwan ɗorawa a babban allon da ke rataye a sama. Wani matashi ne ya ja igiyar da ke bi ta saman kansa tsawon layin. Kafin in ƙirga goma shugaban rukuninsa ya iso da sassarfa, suka sunkuya tare a kan wani abu a ƙarƙashin sitiyari, ya sa hannu, ya miƙe ya sake jan igiyar, kiɗan ya ɗauke. Layin bai ma tsaya ba. Jagorar ta bayyana cewa in an ja igiya, layin zai ci gaba har motar ta kai ƙarshen iyakar wannan ma'aikacin. In an warware kafin nan, shi ke nan. In ba a warware ba, fitila ta koma ja, layin ya tsaya, kowa ya jira. Cikin abin da bai kai awa ɗaya ba na ji kiɗan nan ya fi sau goma, sau biyu kuma na ga layin ya tsaya cik.

Na tambaya ta bakin tafinta: wanda ya ja igiya, me ake yi masa? Ba ta gane tambayar ba sai da aka maimaita. Ta ce ba a yi masa komai, aikinsa ya yi. Wanda ake damuwa da shi shi ne wanda ya ga matsala ya bar ta ta wuce, domin notin da bai ɗauru ba a nan gyaran daƙiƙa kaɗan ne, in an rufe shi da kujera da kafet ya zama na awa, in ya kai hannun mai saye ya zama abin da ba a son faɗa. Na kalli fuskar matashin daga sama. Babu tsoro a cikinta, babu neman afuwa. Mu muna cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma a wuraren aikinmu ƙaramin ma'aikaci ya san sarai cewa in ya ce wa babba a dakata, ana iya sauke masa nasa kayan a bakin ƙofa. Kunya da girmama na gaba kyawawan abubuwa ne, da su aka raine mu, ba na fatan mu rabu da su. Sai dai nauyi ne a kan babba ya buɗe ƙofar da yaro zai faɗi gaskiya ba tare da ya zama marar kunya ba, don yaron ba zai iya buɗe ta da kansa ba.

A bas muna komowa gardama ta kaure. Wani abokinmu ya ce duk wannan a jininsu yake, kai wa mutanenmu igiya ka ga yadda za su ja ta don su je shan shayi. Malamin bai musa masa ba, labari ya ba mu. A garin Fremont na jihar Kalifoniya kamfanin General Motors yana da masana'antar da ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki da rigima da motoci masu aibi, har aka rufe ta a 1982. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, aka mayar da akasarin tsofaffin ma'aikatan nan, aka kai wasunsu Japan horo, aka rataya musu igiya. Cikin ɗan lokaci motocinsu suka shiga sahun mafi inganci a duk masana'antun General Motors. Mutanen ba su canza ba, ginin ma shi ne. Ni dai na gamsu, ko da yake abokin namu ya ce Amurka daban, garinsu daban.

Akwai abin da ba a nuna mana a gidan tarihi ba, na gan shi a jirgin ƙasa na cikin gari wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare: maza cikin baƙaƙen kwat, jaka a cinya, suna barci a zaune, wasu a tsaye riƙe da madauri. Daga ofis suke. Japananci yana da kalma ta musamman, karoshi, mutuwa saboda yawan aiki, kuma hukuma na ɗaukar ƙarin awa 80 a wata a matsayin iyakar haɗari. A 2007 wata kotu a nan Nagoya ta yanke hukuncin cewa yawan aiki ne ya kashe wani ma'aikacin Toyota ɗan shekara 30 da ya faɗi a masana'anta a 2002, kuma ta lissafa lokacin da yake ɓatawa a tarukan inganta aiki, waɗanda ake cewa na sa kai ne, a matsayin aiki. Sai a 2018 majalisar ƙasar ta kafa dokar da ta ƙayyade ƙarin lokaci, awa 45 a wata da 360 a shekara in ba da wani dalili na musamman ba. Kuma duk da wannan zaman dare, in aka auna abin da ma'aikaci ke samarwa a awa guda, Japan ce ke ƙarshe a cikin ƙasashe bakwai masu ƙarfin masana'antu, shekara da shekaru. Masana'antunsu sun kore ɓarna, ofisoshinsu da yawa kuwa har yanzu ƙaramin ma'aikaci ba ya tashi sai maigida ya tashi. Wannan bai rage min darajar abin da na gani a Motomachi ba, amma ya ja min kunne. Idan dabarar rage ɓarna ta zama hanyar matse mutum har numfashinsa, an ci amanar ɗan kafintan da ya fara duk wannan don ya sauƙaƙa wa mahaifiyarsa.

Ranar Juma'a na yi salla a masallacin Nagoya, ƙaramin gini mai hawa-hawa, sahu cike da 'yan Indonesiya da Pakistan da wasu 'yan Afirka. Da na koma masauki na ɗauki takarda na gwada abin da aka koya mana ranar, wato tambayar "me ya sa" sau biyar a jere, kowace amsa ta haifi tambaya ta gaba. Me ya sa littafi ya lalace? Shafi ya kife a farantin bugu, kuma ba a ninke takardar farko an duba ba. Me ya sa ba a duba ba, kuma da aka gani ba a tsaya ba? Na hana tsayawa. Me ya sa na hana? Mun makara, sai da magariba aka fara aikin da ya kamata a fara da safe. Me ya sa? Takarda ta ƙare a sito ba wanda ya sani, sai da aka je kasuwa aka sayo da tsada. Me ya sa ba wanda ya sani? Makullin sito da littafin lissafinsa suna aljihuna, ni kuma ina ofis ina waya, rabona da in tsaya a ɗakin inji na rabin awa har na manta. Na nemi sunan Baba a takardar nan daga sama har ƙasa, babu shi.

Na sauka Kano da hazon hunturu. Kafin in shiga ofis na wuce ɗakin inji, na gaishe da Baba, na ba shi ambulan da rabin albashinsa a gaban yaran. Na ce: "Baba, na zalunce ka, ka yafe min." Ya juya ambulan ɗin a hannunsa, ya ce: "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Alhaji." Bai ƙara komai ba, ya koma yana goge robar inji.

Sati guda ina zuwa in tsaya a gefen injin yanka takarda, awa biyu kowace safiya, ba na cewa uffan. Da farko kowa ya takura, daga baya suka manta da ni. Na ga mai ninki na tafiya taku ashirin da biyu zuwa inda ake ajiye takarda, sau da yawa a awa. Na ga ana kashe fiye da awa guda wajen sauya faranti da wanke tawada tsakanin aiki da aiki, rabin lokacin neman kaya ne da ake iya jerawa tun injin na kan aikin farko. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: da na tambaye su, ashe duk sun san waɗannan abubuwa, har da waɗanda ban gani ba. Baba ne ya ce a kafa allo a zana siffar kowace sifana a inda take rataye. Mai ninki ya ce a ja jan layi a bangon sito, in takarda ta sauko ƙasa da shi a sayo. Makulli ya bar aljihuna. Wuta dai tana nan yadda take, gas bai sauko ba, amma awannin da janareto ke ci injin na tsaye sun ragu sosai, kuma mun daina kaiwa dare sai nadiran.

Igiya ba mu rataya ba, ɗakin bai kai haka ba. Ƙararrawar keke na sayo aka ɗaure a bakin inji, na tara su na ce duk wanda ya ga abin da bai gane ba ya kaɗa, ko ni ne na ce a yi sauri. Wata guda cur ba wanda ya taɓa ta. Ran nan muna buga kalandar wani kamfani, ina ofis, sai na ji ƙarar, sannan injin ya yi shiru. Na fito na tarar yaron nan tsaye da takarda a hannu, hannun na rawa, sauran duk sun zuba min ido.

"Oga, kamar watan Fabrairu an sa masa kwana talatin."

Na karɓa na duba. Haka ne, daga wurin mai aikin kuskuren ya zo, mu kuma ba mu lura ba. Bugu tamanin aka yi. Na ce ya je ofis ya ɗauko min lambar wayar mai kalandar, Baba kuma ya fara kwance farantin.